Ranar da Tela Ya Taɓa Gejin Mai

Tela ya yi shekara goma sha ɗaya yana taka keken ɗinki kafin ya sayi mota. Tsohuwa ce, ƙofar baya sai an ɗaga ta take rufuwa, amma tasa ce. Sati biyu kacal ya more ta shi kaɗai. A na uku yayan matarsa ya zo ganin mota.

Wannan yaya tsohon hedimasta ne, ya yi ritaya amma bakinsa bai yi ba. Shi ya riƙe matar Tela tun tana ƙarama, don haka a gidan nan in ya yi tari ma sai an ce ya yi gaskiya. Ya zagaya motar, ya ƙwanƙwasa taya da sandarsa, ya ce, "Madalla. Mun yi mota."

Tun daga nan duk Asabar sai ya zo ya ɗauki makulli ya tafi gonarsa. Da yamma ya dawo da ita tanki a bushe, allurar mai kwance a kan jan layi kamar mai jinya, ya sa albarka ya wuce. Tela ya gwada yi wa matarsa ƙorafi sau ɗaya.

Ta ce, "Yayan nawa? Don ɗan man da bai taka kara ya karya ba? In kana da baki ka faɗa masa da kanka."

Ba shi da wannan bakin. Amma ya lura da abu guda: Hedimasta mutum ne mai tsoron kunya, ba zai yarda mota ta mutu masa a titi tsofaffin ɗalibansa su gan shi yana turi ba. In da allurar za ta nuna babu mai tun da safe, dole ya tsaya ya zuba.

Wata Juma'a da hantsi, matarsa ta tafi kasuwa, Tela ya ɗauko sukudireba da cokali mai yatsu daga kicin. Ya kwance gilashin gaban sitiyari, ya zura cokalin ƙarƙashin allurar ya ɓanɓaro ta. Bai cire kan batir ba, don bai san ana cirewa ba. Cokalin ya zame ya taɓa wani abu a ciki, wuta ta yi tartsatsi, ya yi baya har ƙeyarsa ta bugi kujera. Da ya ga bai mutu ba, sai ya mayar da allurar, amma ya dasa ta can ƙasa da inda take. Tanki rabi, allura tana rantsuwa babu ko ɗigo. Fitilun gaban direba sun daina kamawa, ya ce wannan ƙaramin abu ne.

Dabara ta ci. Asabar uku a jere Hedimasta yana tsayawa gidan mai kafin ya kama hanya, mota tana dawowa da nauyinta. Tela har waƙa yake yi a kan keke.

A ta huɗu, tun kafin azahar, sai ga Hedimasta a ƙofar shago, hula a karkace.

"Tela, ajiye wandon nan ka taso. Yau na kama ɓarawo."

"Wane ɓarawo, Yaya?"

"Mai zuba mai! Na ce ya cika ta, ya zuba har tana amai, allura ta tsaya a rabi. Na ce famfonsu iska yake hurawa. Manaja ya ce in kawo shaidar mai gyara, in gaskiya ne yau zai kore shi. Mu je wajen mai wayarin."

Tela ya ce, "Yaya, ai da ka bar shi, tsohuwar mota ce..."

"Shekara talatin da biyar ban bar kuskure ya kwana a allo ba. Shiga."

Mai wayarin, wato mai gyaran wutar mota, wani siririn dattijo ne da ake kira Fiyus. Rumfarsa cike da tsofaffin batura da wayoyi kala-kala a rataye. Ya saurari Hedimasta har ƙarshe, abin da ya ɗauki lokaci, sannan ya buɗe gaban mota ya cire kan batir. Ya daka wa wani makaniken maƙwabcinsa tsawa, ya ce ya tafi da sigarinsa can nesa.

"Za mu buɗe tanki. Ba ruwan mai da girman kowa."

Ya ɗaga kujerar baya, ya kwance wani murfi, ya zaro wani abu mai siririn hannun ƙarfe da ƙwallon roba a bakinsa. Ya toshe ramin, ya ja abin gefe iya tsawon wayarsa.

"Ranka ya daɗe, ka ga wannan ƙwallon? Yawo yake a kan mai, kamar gora a kan ruwa. Mai ya yi sama, ya bi shi. Ya yi ƙasa, ya bi shi. Hannun nan yana goga wannan 'yar wayar da aka nannaɗe, ita ke rage wuta ko ta ƙara. Wutar ce ke zuwa gaba ta gaya wa allura inda za ta tsaya. Allura ba ta taɓa ganin mai da idonta ba, abin da aka gaya mata take faɗa."

"Kamar sufeton makarantu," in ji Hedimasta.

Fiyus ya mayar da kan batir, ya murɗa makulli, ya ɗaga ƙwallon har ƙarshe. Allura ta hau ta tsaya a rabi. Ya sauke shi, ta gangara ta wuce jan layi kamar za ta fice daga motar.

"Ƙwallo lafiya, waya lafiya, kuma ga mai har wuya. Mai zuba mai bai cuce ka ba. Ciwon yana gaba."

Ya sake cire batir, ya kwance gilashin. Fiyus ya leƙa, ya daɗe yana kallo. Ga sawun yatsun cokali huɗu reras a gindin allurar, ga baƙin tabon ƙuna, ga wani guntun jan zare maƙale a jikin sukuru. Ya ɗago zaren da farce, ya dubi zaren, ya dubi Tela.

"An shiga nan. Kuma da batir a haɗe, shi ya sa fiyus ɗin fitilu ya ƙone. An yi sa'a duk allon bai tafi ba. Maigida, ko ƙura ka buɗe ka goge?"

Tela ya ga an miƙo masa igiya, ya cafke. "Ƙura ce! Wallahi ƙura ta yi yawa, Yaya. Ban san an ce a cire batir ba."

Hedimasta ya cire tabarau. Ya yi masa karatu na rabin awa a gaban makanikai: yadda jahilci ya fi hauka wuyar magani, yadda ya kusa sa a kori bawan Allah daga aiki, yadda ya kusa ƙona masa ƙanwa da 'ya'yanta. Tela yana ta "Haka ne, Yaya," yana godiya a zuci, don gara a kira shi jahili da a gane shi. Fiyus kuwa ya mayar da allura mazauninta, ya sa sabon fiyus, ta miƙe tsaf ta nuna cike.

Sai Hedimasta ya jefa makulli cikin aljihunsa.

"Na yanke shawara. Mutumin da zai shiga cikin wuta da cokali bai isa a bar masa mota ta kwana a gidansa ba. Daga yau a gidana za ta zauna, inda akwai mai hankali."

Nan Tela ya ga kunyar da yake gudu ta fi mota araha.

"Yaya, tsaya! Ba ƙura ba ce. Da gangan na yi. Ni na sauke allurar don ka riƙa zuba mai!"

Fiyus ya sunkuya yana neman abin da bai ɓata ba. Hedimasta ya dubi mijin ƙanwarsa daga sama har ƙasa, sai ya fashe da dariya har yana riƙe ƙofar mota.

"Kai? Kai za ka ƙulla wannan? Haba Tela! Na koyar da yara dubu, na san fuskar mai wayo. Kada ka ɗora wa kanka sharri don a ce kana da basira."

"Wallahi, Yaya..."

"Bar rantsuwa. Zagaya ka shiga, mu biya in ba mai zuba mai haƙuri, sannan in sauke ka a shago. Mai wandon nan yana jiranka."