Shayin da Grikme Ta Dafa wa Kawunnanta

Tun ranar da aka yanke wa Grikme cibi aka san ita za ta gaji gidan. Ita ce 'yar autar Dimre, kuma a Rongsilgre, kamar ko'ina a ƙasar Garo, gida da gona da sunan dangi ta wajen uwa suke bi. Yayyenta maza sun yi aure sun tare a gidajen matansu. Ita aka bar wa tsohon gidan gora mai dogayen ƙafafu, da gonar lemo, da tudun da duk ƙauyen ke noma a kansa, wanda ya zo mata tun daga kakar kakarta.

Akwai kuma gadon da ba a ambata in ana mata kirari. Uwarta ta shanye ɓari guda, sai an kwantar an tayar. Yayanta Salnang, da matarsa ta rasu, gidan ya dawo da 'yar jakarsa, don namiji in duniya ta juya masa baya ɗakin uwarsa yake nufa. Ga aladu, ga 'yarta Silme, ga baƙin da ba sa yankewa.

Mijinta Tengsrang kuwa, ranar da aka kawo shi gidan, riga biyu da adda ɗaya ya shigo da su. Yanzu shi ake kira nokma, shugaban ƙasar ƙauyen, shi manyan birnin Tura ke miƙa wa hannu in sun zo. Kowa ya san sarautar ta matarsa ce, riƙo yake mata. Sai dai riƙo in ya daɗe, mai riƙon yakan manta da mai kaya.

Wata safiya bayan ɗaukewar damina, Grikme ta rataya kwandon tuluna a goshi ta gangara maɓulɓula. Ruwan da ke zubowa ta bututun gora ja ne jawur, kamar an dama jar ƙasa. Ta ajiye kwandon ta bi rafin sama. Can kusa da kan tudu ta tarar da wata ƙatuwar motar haƙa tana yagar ƙasa, an kwantar da itatuwan da uwarta ta hana ko da sassaƙa ɓawonsu.

"Wa ya sa ku?" ta tambayi mai kula da aikin.

"Nokma ya ba mu izini. Dutse za mu fasa."

"Ni ce mai wurin nan."

Mutumin ya dube ta daga ƙafa zuwa ɗankwali, ya yi murmushi. "To madalla. Ki gaishe mana da maigidan."

Ta iske Tengsrang a baranda yana tauna gue, goron ƙasar, da ganye, bakinsa ya rine.

"Baban Silme, yaushe na mutu ba a gaya mini ba?"

"Wace irin magana ce wannan da sassafe?"

"Na ga ana rabon gadona ne."

Ya tofar da yawu ta ƙasan baranda. "Gwaji kawai suke yi. Kawu Jongran ya sani, yayyenki ma sun sani. Ranar Asabar za su zauna a nan a ƙarasa magana. Ki kama kaji, ki tanadi shinkafa mai danƙo. Kada ki ɗaga hankalinki da abin da ba huruminki ba."

Wannan kalma ta hurumi ita ta ƙona mata rai. Wankin tsohuwa huruminta ne. Ciyar da duk wanda ya kwaso yunwarsa huruminta ne. Tudun da ake kiran sunanta a kansa ne kaɗai ba huruminta ba. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Ranar Asabar mazan danginta suka cika barandar, Kawu Jongran, wan uwarta, a tsakiya da sandarsa. Mata suna can baya wajen murhu kamar kullum, a gidan da yake nasu. Grikme ta ɗora tukunya, ta kawo shayi ba madara, ta bi kowa da kofinsa. Kawu ya kurɓa, ya tauna wani abu, ya ɓata fuska ya furzar.

"Ke, yashi kika dafa mana?"

"Ruwanmu ne, Kawu. Na ɗebo shi ɗazu a maɓulɓula. Shi na ba Inna ta sha magani, shi Silme ta sha. Ku shanye, akwai ƙari."

Tengsrang ya ce a hankali, "Maman Silme, koma ciki."

"Cikin ina? Nan ma gidana ne."

Kawu ya buga sanda a daɓen gora. "Mu ne bangon gidan nan. Tun kakanni, mace ta riƙe gida, 'yan'uwanta maza su yanke magana. Kaza ba ta cara, 'yar nan."

"Ba ta cara, Kawu, amma ita ke kwana a kan ƙwai. An ba ku bakin magana ne don ku tsare mana, ba don ku sayar ba. Kai gidan matarka yana hayin kogi, ruwanku garau. Yaya Rikman yana Tura, famfo yake murɗawa. Duk wanda ke zaune a nan, in tudun ya zube, yana da inda zai koma. Ni da 'yata fa? Wa ya tambaye ni? Da za a kashe ku in an tambaye ni?"

Matan da ke murhu sun riga sun taso sun cika bakin ƙofa, ludaya a hannu. Daga cikin ɗaki aka ji tsohuwa Dimre tana ƙoƙarin magana da karkataccen bakinta. Salnang ya tashi ya shiga, ya ɗauko ta cak ya kawo ta baranda, ya zaunar da ita jikin ginshiƙi.

Ta daɗe tana duban wanta kafin ta haɗa kalmomin. "Jongran... a tudun can Innarmu take kwance."

Kawu ya sunkuyar da kai. Salnang ya ɗauki kofinsa ya shanye har laka, ya ajiye. "Ni dai ban yarda ba," ya ce. "Shekara nawa ina cin shinkafar yarinyar nan."

Ba a ci kajin cikin daɗi ba. Magana ba ta yanku ranar ba, don in ɗaya daga cikin mazan dangi ya ƙi, ba yadda za a yi. Da mako ya zagayo, Grikme da matan danginta suka hau tudu suka zauna a gaban motar da kwandunansu suna ɓare citta, har mai aikin ya gaji ya kwashe kayansa. Ramin da aka haƙa dai ya zauna, kuma sai da damina biyu ta wuce kafin ruwan ya washe. Duk tsawon lokacin nan, mata ne suka riƙa zagayawa wani rafi mai nisa da tuluna a baya.

Tengsrang ya yi kwanaki ba ya cin abincinta, yana zuwa gidan 'yar'uwarsa. Ba ta bi shi ba. Da ya gaji ya dawo da kansa.

Wata ranar kasuwa tana zaune gaban tulin lemonta, sai ta ji wasu dattawa biyu na ƙauyen gaba suna hira wajen mai busasshen kifi.

"Ka ji yadda nokman Rongsilgre ya kori masu fasa dutse? Namijin duniya ne."

"Ai Jongran ne ya ba shi shawara. Gidan da ke da kawu irin wannan ya more."

Grikme ta juyo ta dube su. Ta buɗe baki za ta yi magana, sai ga wata mata ta durƙusa tana latsa lemon tana tambaya ko da zaƙi. Ta ɓare guda ta miƙa mata.

"Ɗanɗana ki ji," ta ce. "Na gonata ne."