Lilon da Aka Ɗinka da Laimar Soja

A tsibirin nan babu abin da soja zai yar ya tafi a banza. Tun da sojojin ƙetare suka kewaye rabin ƙasar da waya mai ƙaya, suka mai da ita filin gwajin bama-bamai, mutanen ƙauyen suka koyi cin moriyar duk abin da ya faɗo. Kwanson harsashin igwa shi ne tukunyar fure a ƙofar kowane gida. Tankin man jirgin sama da aka tsaga biyu shi ke tare wa rabin unguwa ruwan sama. Maza kuwa, in an kwana biyu ba a ji harbi ba, sai su kewaya ta teku su shiga bayan waya kamun ƙaguwa, don can ne take da ƙiba. Doka ɗaya ce, kowa ya san ta tun yana rarrafe: abin da aka ɗauko a bayan waya ba a faɗinsa, ko da ga limamin coci ne.

Shi ya sa ranar da Chebo ya shigo da buhun ƙaguwa a kafaɗa, da wani ƙaton ƙunshi fari a hammata, matarsa Nereida ba ta tambayi komai ba.

"Nena, fito ki ga abin da mijinki ya farauto!"

"In ƙaguwa ce, zuba ta a keji. Hannuna na cikin kwaɓin rogo."

"Ƙaguwa? Ki zo ki ga yadin da ko matar gwamna ba ta taɓa ɗaurawa ba."

Laimar sauka ce, irin wadda ake ɗaura wa kaya in za a jefo su daga jirgi. Ya same ta a saƙale a kan itatuwan bakin tafkin gishiri, kusa da wani rami sabon tono. Nereida ta murza yadin a tsakanin yatsu. Santsi, ga ƙarfi, ga rashin nauyi. Sai dai wani gari toka-toka ya manne a cikin ninkinsa.

"Ka kwaso min datti dai," ta ce, amma idonta na kan 'yarta Amparito, wadda ke kwance kan tsohuwar tabarma tana fama da ƙurajen zafi.

Ta kakkaɓe yadin a tsakar gida, ta wanke shi a baho, ta zubar da ruwan a gindin ayaba. Kafin rana ta yi sanyi ta hau keken ɗinki, ta fitar da lilon jarirai wanda babu irinsa a ƙauyen. Aka rataye shi a baranda inda iska ke bi. Amparito ta yi barci a ciki irin wanda ba ta taɓa yi ba, tana tsotsar bakin yadin da dasashinta. Doña Monse, uwar Chebo, ta tsaya tana kallo ta ce, "To, yau dai sojan nan sun yi wa wani amfani."

Bayan 'yan kwanaki sai tsibirin ya canja. Jiragen ruwa masu launin toka suka cika bakin teku. Motoci na ta shiga bayan waya ɗauke da gangunan ƙarfe. Rediyo ya ce atisaye ne kawai. Amma an hana fita kamun kifi ta gabas, kuma harbin da aka saba ji kullum ya ɗauke ɗif. Shirun nan ya fi ƙarar bam hana Nereida sukuni. Ta share tsakar gida, ta koma ta sake sharewa. Ta ɗora kofi ta manta da shi har ya ƙone.

Provi ce ta kawo labarin. Ita ta riƙe Amparito ranar baftisma, shi ya sa suke kiran juna comadre, kuma wankin kayan soja take yi a sansani. Ta shigo da hantsi, ba gaisuwa, ta ja Nereida bayan kicin.

"Comadre, yau ba a ba mu wanki ba."

"To ai kin huta. Zauna in zuba miki kofi."

"Ki saurare ni mana! Masu fitowa daga tafkin gishiri fararen kaya suke sawa har kai, fuska a rufe. In sun tuɓe, ba a kawo mana. A ganga ake zubawa a liƙe da wuta. Akwai wani akwati da suke gogawa a jikin mutum, in ya yi ƙaras-ƙaras sai a ja shi a yi ta dirza da sabulu har fata ta yi ja."

"Me ya faɗi a can?"

Provi ta waiga, ta rage murya. "Mai dafa musu abinci ya ce bam ne, amma ba irin na kullum ba. Na nukiliya. Wai na gwaji marar komai a ciki ya kamata a ɗora wa jirgin, aka ɗora na gaske, kuma duk waɗanda aikinsu ne su duba ba wanda ya duba. Bai tashi ba, Allah ya rufa asiri, amma ya fashe a gefe, garin cikinsa ya watse. Garin nan guba ne, in ya shiga cikin mutum ba ya fita. Sun tattara komai, abu ɗaya ya rage suna nema kamar mahaukata."

Ba ta faɗi abin ba. Idonta ne ya tafi baranda, inda farin lilo ke kaiwa yana komowa.

Nereida ba ta san lokacin da ta isa wurin ba. Ta fizgo yarinyar har ta tsorata ta fasa kuka. Ta tuɓe ta, ta tsoma ta a ruwa, ta wanke mata kai, ta wanke baki, ta sake wankewa. Sannan ta sa sanda ta sauke lilon, ta cusa shi a garwar biskit ta rufe.

Da Chebo ya dawo ya ji, sai ya zauna a bakin ƙofa yana juya hularsa.

"A ƙone shi," ya ce. "Yanzun nan. Shi ke nan an wuce wurin."

"Hayaƙin ya tafi ina? Hancin 'ya'yan maƙwabta?"

"To in ɗaura masa dutse in kai shi tsakiyar teku."

"Inda kake kamo kifin da muke ci? Chebo, ba lilon ne damuwata ba. Ta tsotsi yadin nan. Ina so in san abin da ke cikinta, kuma akwatin awon yana hannunsu."

"Kin san abin da kike faɗa kuwa? Za su ce a ina kika samu. Su ƙwace kwalekwalena, wataƙila su kai ni kurkuku a babban tsibiri. Su rufe hanyar ƙaguwa ga kowa. Da wane ido zan dubi mutane?"

Doña Monse ta karɓi jikarta tana jijjigawa. "Dubi cinya, dubi kumatu. Wannan ce marar lafiya? Nena, yarinta ke damun ki. Zan shafa mata man ganye, in kunna mata kyandir. A ƙauyen nan ba a taɓa kai wa soja magana ba, ba kuwa daga gidana za a fara ba."

"Doña Monse, in ta kai shekara goma ta fara ciwon da ba a san kansa ba, wa za mu kama? Kyandir?"

"Ji bakinta! Chebo, kana ji tana faɗa min magana?"

"Mamá, don Allah," ya ce, bai ɗago kai ba.

Har Lahadi ta zo Nereida ba ta da zama. In yarinyar ta yi tari sai ta ruga wurinta. In ta yi barci mai nauyi sai ta tashe ta. Takan buɗe mata baki ta leƙa, ba tare da ta san abin da take nema ba. Ranar Asabar ta ɗaure hancinta da ɗankwali, ta buɗe garwar, ta yanko yadin kamar tafin hannu, ta sa a kwalbar zuma, ta liƙe murfin da narkakken kyandir, ta binne can bayan makabarta. Ba ta gaya wa kowa ba. Ta dai san halin sojojin da za ta je wurinsu.

Ranar Lahadi bayan an fito coci, Kwamandan sansanin ya zo dandali da kansa. An shimfiɗa tebur, an soya kifi, an dafa ƙaguwa da shinkafa. Zai ci a gaban jama'a don kowa ya ga babu abin tsoro. Mai ɗaukar hoto na gefe. Wani soja siriri mai tabarau yana bi da akwatin awo a kan kwandunan kifi, akwatin shiru. Don Fulgencio, malamin makaranta, shi ke tafinta.

"Kwamanda ya ce kifinku lafiya lau, ƙasarku lafiya lau. Ya ce ɗan ƙaramin kayan gwaji ne ya faɗi, kuma ko ƙwayar ƙura ba ta tsallako waya ba."

"Ka ce masa ya ƙara barkono, kada ƙaguwar ta ba shi kunya!" wani ya yi ihu daga baya. Aka kwashe da dariya.

Nereida ta ratsa taron, Amparito a kwankwaso, garwa a hannu. Ta ji Doña Monse na kiran sunanta ƙasa-ƙasa, ba ta waiga ba. Ta wuce Kwamanda, ta tsaya gaban mai tabarau, ta dire garwar ta cire murfi.

"Don Fulgencio, ka ce masa ya auna wannan."

"Nena, koma gida. Ba wurinki ba ne nan."

"Ka faɗa masa, ko in faɗa da hannu."

Ba a ma buƙaci tafinta ba. Sojan ya sunkuya ya kai bakin akwatin kan farin yadin. Ƙarar da ta fito kamar an watsa ruwa a tafasasshen mai. Ya ja da baya har ya ture kwandon kifi. Dandalin ya yi tsit, sai akwatin kaɗai. Kwamanda ya ajiye cokali.

"Yana tambaya a ina kika samu," in ji Don Fulgencio.

"Ka ce masa 'yata ta kwana a ciki, ta tsotse shi. Ka ce ya faɗa min, a gaban mutanen nan, me ya faɗi a tafkin gishiri, kuma wa ya bari aka ɗora shi a jirgi."

Aka fassara. Kwamanda ya yi magana doguwa. Don Fulgencio ya taƙaita: "Wai ana bincike."

"Mai binciken wa ya naɗa shi?"

"Nena..."

"Kwamandan ne ko? To ka ce masa na ji."

Kwamanda ya sake tambayar inda aka samo laimar, don in ba a san inda ta bi ba, ba za a san inda za a kwashe ba. Wannan kam gaskiya ce, Nereida ta sani. Ta dubi mijinta. Chebo na tsaye cikin abokan kamun ƙaguwarsa, kowa ya sunkuyar da kai. Sannan Chebo ya cire hula ya fito.

"Ni na ɗauko, Don Fulgencio. A kwalekwalena ta zo. A tsakar gidana aka kakkaɓe ta. Ka ce su fara da yarinyar."

Da yarinyar aka fara. Likitan soja ya bi jikinta da akwatin, shiru. Amma ya ce na ciki akwati ba ya jin sa, sai an kai fitsarinta ƙetare. Suka tafi da kwalbar fitsarin da garwar lilon. Suka tafi da kwalekwalen Chebo, da bahon wanki, da keken ɗinki. Suka sare ayabar, suka kankare ƙasar tsakar gida suka zuba a ganguna. Ba a kai Chebo kurkuku ba, don kurkuku na nufin kotu, kotu kuwa na nufin magana. An dai toshe hanyar ƙaguwa, an sallami Provi daga wanki, kuma mata da yawa suka daina gaida Nereida a bakin famfo.

Ta yi ta zarya ƙofar sansani tana tambayar sakamakon fitsari. Yau a ce bai iso ba, gobe a ce likitan ya koma gida. Aka ji cewa wani ƙaramin soja mai ɗora kaya a jirgi ne aka cire wa igiya. Shi kuwa Kwamanda an mai da shi wani sansani da ya fi wannan girma. Sabon da ya zo ya yi magana a rediyo, ya ce an rufe bincike, ba wata laima da ta taɓa ɓata, ba abin da ya fito daga bayan waya.

Nereida na tsinke shinkafa lokacin da ta ji. Ta ture farantin, ta ɗauki fartanya ta nufi bayan makabarta.

Da safe Chebo ya riƙo kwalbar zumar da ta tono a cikin sabuwar garwa, ita ta riƙo yarinyar, suka nufi jirgin fito. A bakin gadar shiga jirgi suka tarar da Doña Monse, ta miƙa musu ƙunshin soyayyen rogo ba tare da ta dubi surukarta ba.

"Ki rufe mata kai," ta ce, "akwai iska a ruwa."

A babban asibitin babban tsibiri sai da suka wuni a kan benci kafin wata likita mai furfura ta saurare su. Ta tura aka aro akwatin awo, ta sa safar hannu ta fasa kyandirin. Ƙarar nan ta sake cika ɗaki. Likitar ta rufe kwalbar a hankali, ta dubi Amparito da ke wasa da maɓallin rigar ubanta.

"Ba zan ce miki lafiya lau ba, don ban sani ba tukuna. Za mu auna da kanmu. Za ki riƙa kawo ta duk shekara, har ta girma. Abin da na gani zan faɗa miki, mai daɗi ko marar daɗi."

"Kwalbar fa?"

"Tana nan a wurina, a kulle. Duk wanda ya ce ba a yi ba, ya zo ya ji da kunnensa."

Nereida ta gyara wa 'yarta hula. "To yaushe zan kawo fitsarin? Don jirginmu na komawa da la'asar, kuma ba ta yi ba tun safe."