Gadon Da Malama Ta Ƙarasa

Kafinta ya tafi aikin gini wata ƙasa cikin matarsa yana wata huɗu. Kafin ya tafi ya yanka katakon gadon jariri, ya rubuta wa kowanne lamba da fensir, ya jingine su a bangon shagonsa da ke ƙasan benen da suke haya. Ya ce yana samun hutu zai dawo ya haɗa. Hutun bai samu ba.

Malama, haka kowa ke kiran matar saboda tana koyarwa a firamare, ta yi wata biyu tana wuce shagon ba ta ko kallon kwaɗon. Ran wata Asabar da safe shirun ɗakin ya ishe ta, ta ɗauki makulli ta sauko. Ƙanshin katako ne ya fara tarbarta. Rigar aikinsa na rataye a ƙusa, aljihun cike da ɓarɓashin zarto. Ta zauna a benci ta daɗe, sannan ta ɗauki hoton katakon ta tura masa.

Sai yamma amsa ta zo, muryarsa da ƙarar injina a baya. "Malama, ke da alli ne kawai kika iya riƙewa? To, lamba ɗaya da biyu su ne gefe. Ki shafa gam kafin ki ɗaura sukuru. Don Allah kar ki ɗaga abu mai nauyi."

Haka suka riƙa yi. Ta tambaya da safe, ya amsa da yamma, ta yi aikin washegari bayan an tashi makaranta. Ta goge kowane sanda har ya yi santsi, tana gwadawa a kumatunta don kada ya karci fatar jariri. Tsoho mai walda da ke shagon kusa yakan leƙo.

"'Yata, ki bari in riƙe miki mana."

"Na gode, Baba. Ai na kusa."

"Kin kusa gamawa, ko kin kusa haihuwa?"

Ta yi dariya, kuma ta ji dariyar baƙuwa a bakinta.

Ana saura ƙafafun lilo, waɗannan lanƙwasassun da ke sa gado ya yi rausaya, sai saƙonsa ya ɗauke. Kwana ɗaya, uku, mako. Ta kira, waya a kashe. Ta bincika shagon kaf, ta gane bai ma yanka ƙafafun ba. Faffaɗan katako ɗaya ya bari, babu lamba, babu zane. Ranar ta zauna a ƙasa ta yi kuka mai isarta, ba wanda ya ji saboda injin walda na ta ƙara.

Da ta share fuska ta hau sama ta sauko da babban bahon wanki, ta kife shi a kan katakon, ta bi bakinsa da fensir. Kwana uku tana jan zarto, tana hutawa idan ɗan cikin ya shure ta. Tafin hannunta ya yi bororo. Ƙafa ɗaya ta ɗan fi ɗaya tudu, gadon yana lilo yana ɗingishi. Mai walda ya tura shi da yatsa, ya ce, "Ba laifi. Mu ma haka muke tafiya."

Rana ta goma sha biyu saƙo ya shigo. An kai su aiki wani daji ne da babu sabis. Ta tura masa hoton gadon, ya kalla, ya ce, "Wa ya yanka miki?" Ta ce ita. Saƙon da ya biyo baya na daƙiƙa tara ne, babu magana a ciki, sai numfashinsa.

Ta haihu ran Talata, mace. Yayarta ta zo daga nesa ta kwana biyar, ta koma wurin nata yaran. Ran da ta koma ne mai walda ya ɗauko gadon a ka, ya hau matakala yana nishi, ya shigo falo. A ƙofar uwar ɗaki gadon ya cije. Ya juya shi ta gefe, ya karkata shi, ya ƙi shiga. Yatsa biyu kacal ya fi ƙofar faɗi.

"Sai dai a cire gefe ɗaya," in ji shi.

"A'a, Baba. Ajiye shi nan."

Bayan ya sauka ta kwantar da jaririyar a ciki, ta shiga ɗaki ta jawo katifarta a hankali har falo, ta shimfiɗa kusa da gadon. Ta rufe ƙofar uwar ɗakin, ta kwanta da hannu ɗaya tsakanin sandunan.