Gadar da Ganuwa Ta Ƙi

Auta na cikin jera duwatsun soso a kan teburin falo sai matar Yaya ta leƙo, ta ce ya rage kai da kawo, yayan nasa ya yarda zai fito amma ko yanzu yana iya fasawa.

Tun da ɓarin jikin Yaya na dama ya shanye bai sake zama a falon nan ba. Daga gado sai banɗaki. A da kuwa, duk ƙarshen mako teburin nan filin yaƙi ne. Ga ƙananan sojojin roba da ba su kai ɗan yatsa ba, ga rula ta auna tafiyarsu, ga ɗan ludo mai yanke wa kowa hukunci. Yaya ne ya gina garin da ake yaƙin a kansa, da kwali da soso da fenti. Ganuwa, hasumiya, gidaje, kowane yanki daban, kuma a gefen kowanne ya binne maganaɗisu ƙarami kamar ƙwayar magani. Kana kusanto da bango biyu sai ka ji ƙas, sun kama juna. Yau a jera gari haka, gobe a wargaza a jera wani.

Auta bai taɓa gina komai ba. Shi dai ɗan wasa ne, kuma shi ake fara cinyewa. Yaya kan ce garajen da ya raba shi da makaranta shi ne ke kashe masa sojoji. Amma da ciwon ya daɗe, sai ya fara tara kwalaye a shagon gyaran wayar da yake aiki, yana yanka idan babu kwastoma. Ya yi kogi, ya yi tuddai, ya yi gada mai kai ɗaya da zai shiga bakin ƙofar gari. Garin Yaya na cikin akwati a ƙarƙashin gadonsa, Auta kuma bai so ya tambaya kada asiri ya tonu. A akwatin nan uwa take, wato maganaɗisun da Yaya ya ɗiga wa jan fenti a fuska ɗaya, wanda ake gwada kowane sabo da shi kafin a sa gam, don a san fuskar da za ta kalli waje. Auta ya san da ita sarai. Ya ga dai nasa na kama juna lafiya lau, ya ce ai shi ke nan.

Da la'asar Tela da Direba, abokan wasan Yaya, suka iso. Matar Yaya ta jawo musu akwatin. Suka kafa tsohon gari a gefe guda, kogin Auta a ɗaya gefen, aka bar fili a tsakani. Tela ya miƙa hannu zai gwada gadar, Auta ya doke hannun, ya ce babu mai ɗora ta sai mai garin.

Yaya ya fito da sanda, matarsa na riƙe da kafaɗarsa. Ya rame, rigar ta yi masa yawa. Direba ya ƙame ya sara masa, ya ce Janar ya gama hutun, a dawo a ci gaba da shan kashi. Rabin bakin Yaya ya yi murmushi. Ya daɗe yana kallon kogin, sannan ya ce fentin ya yi yawa, kamar an zubar da ruwan bula. A wurin Yaya wannan yabo ne, Auta ya ji kansa ya yi girma.

Ya miƙa masa gadar. Yaya ya kawo hagu, matarsa ta tuna masa likita ya ce ya riƙa sa dama aiki. Yatsun suka kama da ƙyar. Ya tura gadar a hankali zuwa bakin ƙofa, tana gab da taɓawa sai ta goce gefe. Ya sake. Ta murɗe, ta kwashe sojoji uku suka zube ƙasa. Nan Auta ya gane, domin ya san irin wannan gocewar: maganaɗisun ne ke ture juna. Kafin ya buɗe baki Yaya ya yi na uku da duk ƙarfinsa, gadar ta suɓuce ta kife a kan kogin.

Yaya ba gadar yake kallo ba, hannunsa yake kallo.

"Yaya, ba hannunka ba ne," in ji Auta. "Ni ne. Ban gwada da uwa ba, na sa su a juye."

"Kai ma ka koyi maganar asibiti," in ji Yaya, a hankali. "Kullum sai a ce mini ina samun sauƙi. Su aikinsu ne. Kai ƙanina ne, kada ka mai da ni yaro."

Ya juya. Auta ya fizgi gadar ya tura da kansa, ta goce kamar ɗazu, yana roƙon Yaya ya waiwayo ya gani. Tela ya rantse gaskiya ne, Direba ma ya rantse, amma yawan rantsuwar sai ya sa abin ya yi kama da haɗin baki. Sanda ta ci gaba da ƙwanƙwasa siminti har aka rufe ƙofar ɗaki.

Baƙin suka tsince sojojin da suka faɗi, suka yi sallama ƙasa-ƙasa. Matar Yaya ta ce a ƙyale shi sai gobe, ta shige kicin ba ta kalli Auta ba.

Auta ya zaro ƙaramin sukudireban aikinsa ya kafa a gefen maganaɗisun. Ba wani aiki ba ne, a tono, a juya, a sa gam. Har kwalin ya fara tsagewa sai ya tsaya. Idan ya gyara, gobe gadar za ta kama ƙas a hannun kowa, kuma ba abin da zai rage da zai wanke hannun Yaya.

Ya mayar da sukudireban aljihu. Ya ɗauki gadar yadda take, ya ciro ƙofar gari daga ganuwa, ya je ya ƙwanƙwasa ɗakin. Ba a amsa ba. Ya zauna a ƙasa ya jingina da bango, yana riƙe da su biyun, yana jira.