Ranar da Inna Ta Koyi Ladabi

"Sake faɗa, Inna," in ji Auta. "Amma wannan karon ki saki fuska."

"Barka da zuwa, ranka ya daɗe. Me za a kawo maka?" Inna ta maimaita, fuskarta kamar mai haɗiyar maɗaci.

Shekara ashirin da biyu tana dafa abinci a wannan ɗan shagon mai tebur biyar, ba ta taɓa ce wa kowa ransa ya daɗe ba. Faɗa ta iya, kuma ta iya shi da kyau. Sai ga wani gidan abinci ya buɗe a tsallaken titi, da gilashi da na'urar sanyi da 'yan mata masu murmushi ko an taka musu ƙafa. Biyu daga cikin teburan Inna suka koma wurin hutun ƙudaje. 'Ya'yanta suka yanke shawara: in abin bai gyaru ba kafin ƙarshen wata, a rufe shagon ta koma gidan babban ɗanta ta huta. Ita kuwa ba abin da take tsoro a duniya kamar hutun nan, a ce tana zaune ana zubo mata abincin da wata ta dafa.

Auta, wadda ta yi karatun kasuwanci, ta ɗauki hutu daga ofis ta zo da dabaru. Ta rage kalolin abinci daga tara zuwa huɗu, ta sa labule, ta sayo fanka. Duk Inna ta yarda. Dabarar ƙarshe ce jan aiki, wato a daina yi wa masu saye tsawa.

Da rana ta yi, Bakanike ya shigo, hannunsa baƙi ƙirin. Da a da ne, tun daga ƙofa za a kora shi bakin famfo.

"Barka da zuwa, ranka ya daɗe."

Bakanike ya waiga ya ga ko wani babban mutum ne ya biyo shi. Ba kowa. Ya ɗosana a bakin kujera, ya ci rabin shinkafarsa, ya sulale.

Tela kuwa da ya ji gaisuwar sai ya cire tabarau.

"Inna, in laifi na yi, ki faɗa min gaba da gaba. Rigar jikanki ce? Wallahi gobe zan gama ta."

"Ba komai, ranka ya daɗe."

"Shi ke nan, abin ya kai haka," in ji Tela. Ya miƙe ya tsallaka titi.

Kafin ƙarfe biyu labari ya gama layin. Wasu suka ce ta sayar da shagon, wasu suka ce ba ta da lafiya. Har mai kemis ya leƙo da na'urar awon jini a hammata. Inna ta yi masa godiya cikin ladabi, abin da ya ƙara tayar masa da hankali.

Can sai ga tsohon Direba, wanda ya fi kowa daɗewa yana cin abinci a nan. Aka yi masa ransa ya daɗe, aka ajiye masa faranti. Ya yi loma uku, ya ture, ya jira. Inna ta cije leɓe. Ya ɗauki hularsa.

"Inna, tun da matata ta rasu, nan kaɗai ake min faɗa in ban cinye ba," ya ce a hankali. "In kin daina, gara in ci a can. Ko banza akwai sanyi."

Maganar ta soki Inna har zuciya. Ta dubi Auta. Auta ta sunkuyar da kai tana gyara labulen da ba abin da ya same shi.

"Koma ka zauna, tsohon banza!" Muryar Inna ta cika shagon har ta fita titi. "Dubi wuyanka kamar na fiffigaggen zakara. Ka cinye tas! Ƙwaya ɗaya na gani a farantin nan, sai ka faɗa min wanda ya noma maka ita."

Direba ya zauna ya jawo farantin, yana goge ido da bayan hannu wai yaji ne.

A tsallake, Tela da ya fito yana sakace ya tsaya cak, ya kasa kunne.

"Ke kuma kin tsaya kina kallona," Inna ta ce wa Auta. "Ɗauko faranti. Ga maƙaryacin can yana tsallakowa, kuma na san bai ƙoshi ba."