Abokin Tafiyar Mudassira

Rafi'atu 'yar Salaga ce, daga tsohon gidan Hausawa, irin masu gyara maka magana tun ba ka rufe baki ba. Wata uku ta yi tana shirya wa matasa ma'aikata yawon hutun Sallah. Za a haɗu a Yendi, a zo Salaga a ga tsofaffin rijiyoyi, a gangara Makango a ci kifi a bakin ruwa. Jarinta ɗaya ne: iyaye sun yarda da ita, don ta yi alkawarin ɗakin maza daban, na mata daban.

Sai Mudassira, wata nas daga Bawku, ta kira ta.

"Sista, ina da abokina guda, likita ne. Zai zo. Ka sa mu ɗaki ɗaya."

Ko "ka" ɗin da aka ce mata, Rafi'atu ba ta tsaya gyarawa ba.

"Shi wa?"

"Likita mana. Tun makaranta muna tare da shi."

Kwana biyu abin yana cin ta. Dama ta sani, ruwa ba ya tsami banza: yarinyar nan ita ta fara yin rajista, ita ta fi kowa zumuɗi. Ashe da biyu! Idan labari ya fita, wane uba zai sake ba ta 'yarsa? Maimakon ta sake tambayar Mudassira, sai ta duba takardar rajista, ta kira mahaifin yarinyar, Alhaji Jibirilu.

"Baba, ban so faɗa ba. Namiji ta ce in haɗa su ɗaki."

Alhaji ya yi godiya, ya kashe waya.

Ranar tafiya, a tashar Yendi, Rafi'atu tana kiran suna sai wata mata mai hijabi da tabarau ta matso da jakarta.

"Ni ne Dokta Anisatu, abokin Mudassira. Ba zai zo ba. Babanshi ya ƙwace wayanshi, ya ce ya zubar mishi da mutunci. Tun shekaranjiya yana kuka."

Rafi'atu ta ƙura mata ido. Ai ta sha jin 'yan zango irin na Bawku suna ce wa mace "shi", ta sha yi musu dariya. Kunya ta rufe ta.

"Wai wani ya kira Baba ya yi mishi ƙarya," in ji Anisatu. "Sista, ka san ko wane ne?"

Direba ya leƙo yana tambaya ko mutane sun cika. Rafi'atu ta dubi kujerar Mudassira, ba kowa a kai.