Mai Kujerar Hagu

Shekara talatin da huɗu Helmer ya yi yana raba wasiƙu a ƙauyukan bayan garin Torsby, a ƙasar Sweden. Kamar sauran 'yan gidan waya na karkara, motarsa mai sitiyari a dama ce, don ya miƙa hannu ta taga ya jefa wasiƙa a akwati ba sai ya sauka cikin ƙanƙara ba. Da ya yi ritaya hannunsa ya ƙi sabawa da wata irin mota. Ya ci gaba da tuƙa 'yar koriyar motarsa har tsatsa ta cinye ƙasanta, masu duba lafiyar motoci suka hana ta hawa titi.

Irin wannan mota, a ƙasar da kowa ke bin dama, aibinta ɗaya ne. In ka tsinci kanka a bayan tirelar katako, kana can gefen daji, ba abin da kake gani sai ƙeyar tirela. Wanda ke kujerar hagu shi ke da ido. Matarsa Dagny ce ke da wannan kujera tun suna amarya da ango. Takan jingina kai da gilas ta ce, "Jira. Jira. Yanzu!" Shi kuwa sai ya taka totur ya wuce tirelar. Shekara hamsin da ɗoriya bai taɓa leƙawa ya gani da idonsa ba.

Sai ciwon mantuwa ya kama ta. Ta fara da sunayen maƙwabta, ta koma kan hanyar coci, daga ƙarshe ta iso kansa. Takan dube shi a kicin cikin ladabi ta ce, "Bawan Allah, wa kake nema?" Amma bara da bazara, kafin a ƙwace motar, in ya zaunar da ita a hagu suka ɗauki hanya, takan kira sunansa. Helmer ya daɗe yana juya wannan abu a ransa, har ya gano wa kansa dalili: ba fuskarsa ta sani ba, gefen fuskarsa ta sani, kunnen hagu da kuncin da ta yi rabin ƙarni tana kallo.

Ya sami mota irin tasa sak a Ingila, inda suke kamar jamfa a Jos, wajen wani manomi. Da ya gaya wa 'yarsu Marit, sai ta ajiye kofin da ke hannunta.

"Baba, shekarunka saba'in da tara. Ingila za ka saboda mota?"

"Ba saboda mota ba."

"To ka ji. Gidan kula da tsofaffi na Uppsala sun ba mu ɗaki. Juma'a ƙarfe sha ɗaya zan tafi da Mama. In na saki ɗakin nan, sai baɗi."

"Alhamis da rana ina gida. Yini guda kawai nake so, ni da ita da hanya."

Komai ya tafi daidai har Laraba. Motar na warin kare da ciyawa, amma injinta garau. Ya ƙetaro ruwa zuwa Holland, ya gama da 'yan kwastan, ya ratsa Jamus yana harin jirgin ruwan da ke tashi daga Kiel da yamma, wanda zai sauke shi a Sweden da safe. Ƙarfe biyu da rabi, saura kaɗan a shiga ramin da ke bi ta ƙarƙashin kogin Hamburg, sai jajayen fitilu suka kunnu a gabansa layi-layi. Hanya ta tsaya cak.

Helmer bai taɓa ganin motoci da yawa haka ba motsi ba. A garinsu in motoci huɗu suka jeru, to jana'iza ce. A gabansa wata tirela cike da agwagi, sun zuro wuya ta ramukan keji suna kallon Jamus. Can baya wani mutum ya fito da kujerar ninkewa ya zauna a kan titi yana aske gemu.

Yana layin hagu, don haka tagarsa da ta direban layin dama suka haɗu, tsakaninsu bai fi kamu uku ba. Wani ƙato mai jan gemu ya sauke gilas ya yi masa Turanci. Helmer ya amsa da harshensu cewa ba ya ji.

"A'a! Ashe maƙwabci ne!" in ji ƙaton, da harshen Norway. "Dattijo, ina direbanka ya tafi? Fitsari?"

"Ni ne direban."

"Ku 'yan Sweden kenan. Tun shekarar sittin da bakwai aka ce ku koma bin dama a titi, kai sai ka ɗauka sitiyari ake nufi?"

"Ku yi shiru," in ji Helmer. "Ba don man da kuka tono a teku ba, da har yanzu bayan kifi kuke hawa zuwa kasuwa."

Ƙaton ya yi dariya har motarsa ta girgiza. Sunansa Oddvar, injinan kwale-kwale yake kaiwa da kawowa. Ya zuba kofi daga fulas ya miƙo ta taga, Helmer ya rama da rabin burodin kirfa da ya bushe tun Ingila.

Ƙarfe huɗu sun matsa tsawon mota shida. Ƙarfe biyar agwagi sun gaji sun mayar da wuya. Helmer ya yi ta duba agogo, sai Oddvar ya ce, "Kai, za ka cinye agogon nan da ido. Budurwa ke jiranka?"

"Budurwa ce," in ji Helmer. Ya ba shi labari duka, har da zancen kunnen hagu, wanda ko Marit bai gaya wa ba.

Oddvar bai yi dariya ba. Ya daɗe yana shafa gemu.

"In ba ta gane ka ba fa?"

"Za ta gane."

"Da ina da fiffike da na ara maka, dattijo."

Ƙarfe bakwai saura kwata, lokacin da jirgin ke sakin igiya a Kiel, Helmer na tsakiyar ramin, kogi da jiragensa na wucewa ta saman kansa. Da hanya ta buɗe, layin dama ya riga tafiya. Oddvar ya ɗaga hannu ta taga, bai waiwayo ba.

Sai ya zama dole ya bi ta ƙasa, ta Denmark da gadojinta. Tafiyar da yaro zai yi a yini guda ta ci wa Helmer Alhamis ɗinsa ɗungurungum, don idonsa ba ya jure doguwar hanya, bayansa ma haka. A kowace ƙofar biyan kuɗin gada sai ya sauka ya zagaya motar, don wurin biyan na hagu, na bayansa na danna hon.

Ya shigo gida Juma'a ƙarfe goma da minti ashirin. Motar Marit cike da akwatuna. Dagny na zaune a benci da shuɗiyar rigar sanyi, jaka a cinya, kamar mai jiran bas.

"Rabin awa, Baba," in ji Marit. Ta dubi jajayen idanunsa.

Ba wanda ya nuna wa Dagny ƙofa. Ta tashi, ta zagaya koriyar motar, ta buɗe hagu ta zauna, ta ja bel da kanta. Ta shinshina.

"Wa ya shigo da kare?"

"Wani ɗan Ingila ne."

"Ba shi da tsabta."

Helmer ya ɗauki hanyar bakin tafki. Bai juyo ya dube ta ba ko sau ɗaya. Ya miƙe wuya, ya bar mata gefen fuskarsa kamar mai jiran a ɗauke shi hoto. Suka wuce gidan ja, suka wuce akwatunan wasiƙu bakwai da ke jere a mararraba. Minti goma sun tafi.

Sai ga tirelar katako ta fito daga hanyar daji ta shiga gabansu, tana tafiyar hawainiya, ɓawon itace na zubowa a kan gilas. Helmer ya matsa bayanta. Da wutsiyar ido ya ga farin kan Dagny yana karkata, a hankali, har ya taɓa gilas.

"Jira," in ji Dagny.

Ya jira.

"Jira. Akwai ja. Bari ta wuce."

Jar mota ta wuce su fuu.

"Yanzu, Helmer!"

Ƙafarsa ta sauka kan totur. A daidai nan ya tuna watan jiya ta sa butar shayi a firij, ta kuma rantse ta ga barewa a ɗakin kwana. Ya tuna ba shi kaɗai ke cikin motar ba. Ya ɗage ƙafa, ya karkata jikinsa ta kan cinyarta, ya leƙa.

Hanya fetal. Miƙaƙƙiya har hasumiyar coci, ko tsuntsu babu. Kafin ya koma mazauninsa kwana ta iso, farin layin tsakiyar titi ya haɗe, damar ta wuce.

Dagny ta janye kanta daga gilas. Ta juyo ta dube shi sosai, ido cikin ido.

"Me kake leƙe?"

"Dagny..."

"Na ce maka yanzu."

"Na ji. Kuskure na yi. Bayan coci akwai wata miƙaƙƙiya, ki duba min."

"Helmer ba ya leƙe," in ji ta. Ba da faɗa ta faɗa ba. Ta gyara jakarta a cinya, ta ɗora hannu biyu a kai. "Bawan Allah, don Allah ka juya ka mayar da ni. Mijina zai dawo daga aiki bai tarar da ni ba."

Bai juya ba tukuna. Ya manne wa tirelar har bayan coci. Miƙaƙƙiyar ta zo, doguwa, rana na haska ta.

"Dagny, ba na gani. Da abin da ke zuwa?"

Tana kallon maɓallin jakarta.

"Ko kalma ɗaya. Wallahi ba zan leƙa ba."

Tirelar ta kunna sigina, ta sauka hanyar injin yanka katako. Titi ya buɗe a gabansu, babu sauran abin wucewa. Helmer ya tsaya a bakin wata gona, sannan ya juya.

A ƙofar gida Dagny ta sauka da kanta. Ta zagayo ta tagarsa ta miƙa masa hannu suka gaisa.

"Na gode da ɗawainiya. Kana da kirki, sai dai tsoro ya yi maka yawa a hanya."

Marit ta kai ta mota, ta ɗaura mata bel, ta rufe ƙofa. Sannan ta dawo ta sunkuya a tagar ubanta, wanda har yanzu bai kashe inji ba.

"Yaya, Baba? Ta gane ka?"

Helmer ya daɗe yana kallon ɓawon itacen da ya maƙale a gilas.

"Ta kira ni," ya ce. "Ni ne ban amsa ba."